Monitar wasan kwamfuta: a biya kafin alƙalami, a saya ranar fitowa, ko a bari ta kwana biyu a kasuwa?

A watan Janairun 2017, a bikin baje kolin fasaha na CES da ake yi a Las Vegas ta Amurka, kamfanonin Asus da Acer suka nuna wasu monitoci biyu, PG27UQ da wadda daga baya aka sa wa suna Predator X27. Inci 27 ne, hotonsu 4K, wato mai ɗigo fiye da miliyan takwas, suna sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, kuma an raba fitilun bayan allon gida 384, kowane gida yana iya haskawa ko dusashewa shi kaɗai. Masu wasan kwamfuta suka yi ta haɗiyar yawu, aka sa ran fitowarsu cikin shekarar. Shiru kake ji har tsakiyar 2018. Da suka iso kuma sai aka tarar cewa mahaɗar DisplayPort 1.4 ba ta da faɗin ɗaukar 4K a kan 144 da cikakken launi, sai an rage bayanan launin, abin da ke sa gefen rubutu ya yi dishi-dishi. Ga kuma wata 'yar fanka a ciki da ake jin ƙararta idan ɗaki ya yi tsit. Wanda ya yi shekara ɗaya da rabi yana jira ya sami monita mai kyau ƙwarai, amma ba daidai da wadda ya zana a ransa ba.

Ba su kaɗai ba ne. PG35VQ ta Asus an nuna ta a 2017, ta fito a 2019. PG32UQX an nuna ta a farkon 2020, ta shiga kasuwa a 2021, kuma ta iso ba tare da HDMI 2.1 ba, alhali PlayStation 5 da Xbox Series X sun riga sun fito tun Nuwamban 2020 suna neman wannan mahaɗar. Jinkiri ba lokaci kawai yake ci ba, har kayan yake tsofar da su tun suna cikin kwali.

Don haka mai niyyar sayen monitar wasa yana da hanya uku a gabansa. Ko ya ba da kuɗinsa tun kafin kayan su fito, ko ya saya a makonnin farko, ko ya bari ta yi wata shida ko fiye a hannun jama'a. Kafin a auna su, sai an san inda jinkirin yake fitowa, da kuma irin aibin da ake gudu, domin ba duk aibi ne jira yake magancewa ba.

Me ke jawo jinkirin?

Sunan da ke jikin monita ba lallai ne shi ya ƙera gilashin allon ba. Masu yin gilashin 'yan ƙalilan ne: LG Display, Samsung Display, AU Optronics, BOE, Innolux da CSOT su ne manya. Sauran kamfanoni saye suke yi a wurinsu, su ƙara gida da mariƙi da mahaɗai da manhajar ciki. A 2024, alal misali, Alienware da Asus da MSI da Gigabyte duk sun fitar da monita mai inci 32, 4K, mai sabunta hoto sau 240 a daƙiƙa, kuma gilashin da ke cikinsu, QD-OLED, wato nau'in allon OLED da kowane ɗigo ke ba da haskensa da kansa, duka daga Samsung Display ya fito. Idan masana'antar gilashi ta makara, kowa ya makara.

Abin da ake ɗorawa a teburin baje koli samfuri ne da aka zaɓa da hannu. Yin guda goma masu kyau abu ne mai sauƙi a kan yin dubu hamsin da mafi yawansu za su fito ba tabo. Muddin waɗanda ake zubarwa sun yi yawa, kamfani ba zai fara sayarwa ba, ko kuma ya fara da ɗan kaɗan, su ƙare cikin sa'o'i, sauran jama'a su shiga layi. A shekarun 2020 da 2021 ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki, har da waɗanda ke tuƙa allo, ya ƙara dagula lissafin.

Jinkiri iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne a aljihun wa kuɗin yake. Idan babban kamfani ya ɗage ranar fitowa alhali kuɗinka yana hannunka, ba ka yi asarar komai ba sai ɗoki. Idan kuwa ka riga ka biya, labari ya sha bamban. Kamfanin Eve, wanda ya samo asali a ƙasar Finlan, ya buɗe karɓar kuɗin monitarsa Spectrum a 2020, aka yi ta ɗage rana, sai wajen tsakiyar 2021 nau'in 4K ya fara isa hannun mutane. Masu gwaji da dama sun yaba hotonta. Amma koke-koken waɗanda suka biya ba su ga kaya ba, ko suka nemi a mayar musu da kuɗi aka yi ta ja musu rai, sun bi kamfanin har bayan ya sauya suna zuwa Dough a 2022. Kyawun monita bai amfani wanda tasa ba ta iso ba.

Aibi ba iri ɗaya ba ne

Ina ganin nan ne mafi yawan masu saye suke ruɗewa. Sukan tara komai su kira shi rashin inganci, alhali abu uku ne daban-daban.

Akwai aibin manhaja. Wannan shi ne wanda ake iya gyarawa bayan an sayar. Odyssey G7 ta Samsung, da ta fito a 2020, mutane sun yi ta kukan haskenta yana ƙyaftawa idan an kunna tsarin nan da ke daidaita saurin allo da na katin hoto, wato G-Sync ko FreeSync. Daga baya kamfanin ya fitar da sabuwar manhaja mai wani maɓalli na rage matsalar. Irin wannan aibin ya haɗa da launin HDR (tsarin da ke faɗaɗa tazarar haske da duhu a hoto) da bai zauna daidai ba, da monitar da ke ƙin farkawa bayan kwamfuta ta yi barci, da allon da ke ɗauke hoto na daƙiƙa biyu idan ka fita daga wasa. Abin tambaya a nan guda ne: mai ita zai iya sabunta manhajar da kansa a gida, ko sai an mayar wa kamfani? Alienware AW3423DW, monitar QD-OLED ta farko da ta shiga kasuwa a 2022, a farkon fitowarta ba ta ba mai ita wannan damar ba. Ƙanwarta AW3423DWF, da ta biyo baya a ƙarshen shekarar, ta zo da damar, ga ta kuma da sauƙin kuɗi. Wanda ya yi haƙurin 'yan watanni ya ci riba biyu.

Akwai aibin zubi, wanda haka aka ƙera kayan, kowace guda tana da shi. A gilashin QD-OLED na farko, ƙananan ɗigon ja da kore da shuɗi jere suke kamar duwatsun murhu, kore a sama, sauran biyun a ƙasa, ba a layi ɗaya ba kamar yadda Windows ta saba. Sakamakonsa shi ne wani siririn launi a gefen haruffa. A cikin wasa ba ka lura, amma mai wuni yana karatu ko rubutu zai iya jin abin a idonsa. Ko sau goma ka canza, haka za ka samu. Jira ba ya gyara wannan, sai dai ya ba ka labarinsa kafin ka biya, ka san ko za ka iya zama da shi.

Sai na uku, wanda ya fi cin rai: aibin sa'a. Monita biyu, suna ɗaya, rana ɗaya aka haɗa su, ɗaya tas, ɗaya da mataccen ɗigo a tsakiya ko haske yana yoyo ta kusurwa. Na taɓa mayar da wata sau biyu. Ta farko tana da ɗigo kore da ba ya mutuwa, daidai inda idona ke sauka. Ta biyu ba ɗigo, amma idan hoto ya yi duhu sai kusurwar hagu ta ƙasa ta yi kamar an haska tocila a bayan labule. Ta uku na riƙe, ba don ba ta da aibi ba, sai don nata aibin ba ya inda nake kallo.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, mataccen ɗigo ɗaya ko biyu ba lallai ne kamfani ya ɗauke shi lalacewa ba. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 9241-307 ta raba alluna aji-aji, kuma a aji na biyu an yarda da ɗigo biyu masu haske kullum da biyu matattu a cikin kowane miliyan. Allon 4K yana da ɗigo 8,294,400. Yi lissafin da kanka: wajen goma sha shida na kowane iri, a takarda, ba a karya ƙa'ida ba. Kamfanoni da yawa suna da tasu dokar da ta fi wannan tsauri. Dell na canza wasu monitocinta ko da ɗigo mai haske guda ɗaya ne, Asus ma tana da irin wannan alkawari a kan wasu nau'o'in. Sai dai a lura, alkawarin ɗigo mai haske ba ya nufin ya haɗa da ɗigo baƙi, kuma yoyon haske kusan kullum hukuncinsa yana hannun wanda ya duba hoton da ka aika.

To, a jera hanyoyin uku a kan wannan ma'auni

Mai biya kafin alƙalami ya ɗauki dukkan haɗarin a kansa. Bai san aibin zubi ba, domin ba wanda ya gwada. Shi zai fara cin karo da aibin manhaja. Aibin sa'a kuma, idan ya faɗa masa, canji zai yi wuya saboda kayan sun ƙare a ko'ina, sai a ce ya jira zubi na gaba. Me ya samu? Ya riga kowa, wani lokaci da ɗan ragi ko wata kyauta. Cinikin biri a sama ke nan. Ban ce haramun ba ne, amma ban ga dalilinsa ba sai da sharaɗi biyu: ba za a cire kuɗin ba sai ranar da aka ɗauko kayan, kuma ana iya fasawa kowane lokaci ba tare da an zaftare komai ba. Ga ƙaramin kamfanin da da kuɗin masu saye yake ƙera kayan, ni dai ba zan ba da fiye da abin da zan iya mantawa da shi ba.

Mai saye a makonnin farko ya ɗan fi shi, amma ba kamar yadda yake zato ba. Gaskiya ne ya ga sharhin masu gwaji, kuma masu gwaji na kirki suna auna abubuwan da talla ke ɓoyewa. Lambar nan ta 1ms, wato ɗigo na sauya launi cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, da ake mannawa a kwalin allunan LCD, masu fitila a baya, misali, yawanci ba a samunta sai an murɗa saiti zuwa ƙarshe, inda hoto ke fara jan wata farar inuwa a bayan duk abin da ke motsi. Haka tambarin DisplayHDR 400 a kan LCD ba ya nuna HDR na a zo a gani, kuma tun da aka haɗe ƙa'idar HDMI 2.0 cikin 2.1, ana iya rubuta HDMI 2.1 a jikin mahaɗar da ba ta kai cikakken saurin gigabit 48 ba. Duk wannan mai gwaji zai tona. Abin da ba zai iya tonawa ba shi ne aibin sa'a, domin guda ɗaya ya gwada, sau da yawa ma kamfanin ne ya aiko masa. Mutum ɗaya da monita ɗaya ba zai gaya maka ko ɗaya cikin goma tana zuwa da tabo ba.

Wannan labarin sai mai jira yake samunsa. Bayan wata huɗu zuwa shida, dubban mutane sun saya, an san kukan da ke maimaituwa da wanda tsautsayi ne kawai ya faɗa wa mutum ɗaya. An ga ko kamfanin yana fitar da gyaran manhaja ko ya yi kunnen uwar shegu. Kayan sun wadatu, canji ya yi sauƙi, kuma sau da yawa farashi ya sauko. Wajen karanta koke-koken nan ma akwai dabara. Wanda tasa ta zo lafiya yana can yana wasansa, ba ya rubuta komai, don haka yawan kuka shi kaɗai ba hujja ba ne. Abin dubawa shi ne ko mutane daban-daban suna kwatanta abu ɗaya, a wuri ɗaya na allon, a yanayi ɗaya. Idan haka ne, ba sa'a ba ce, zubi ne.

Asarar mai jira ita ce watannin da ya yi da tsohuwar monitarsa, da kuma jarabar da ke zuwa kowane Janairu, lokacin da za a sake nuna wata sabuwa a ce ta fi. Wanda bai iya tsayar da ransa ba, sai ya shekara uku yana jiran ta gaba.

Irin allon yana sauya lissafi

Ba kowace monita ce ke buƙatar doguwar jira ba. IPS, wani nau'in allon LCD, mai 1440p (ƙasa da 4K a yawan ɗigo) da sauri tsakanin 144 da 180 fasaha ce da ta nuna, an yi shekaru ana bugawa. Sabon nau'i a wannan rukuni galibi tsohon gilashi ne cikin sabuwar riga, ba wani abin mamaki da zai ɓullo. Haɗarinta na sa'a ne: yoyon haske da mataccen ɗigo. Akwai kuma wani ƙyalli da IPS ke yi a kusurwoyi idan hoto ya yi baƙi, wanda ake yawan ɗauka yoyo ne. Gane su ba wuya: matsar da kanka ko ka ja baya. Idan hasken ya sauya ko ya ɓace, ɗabi'ar IPS ce, canji ba zai raba ka da ita ba. Idan ya tsaya cak a wurinsa, yoyo ne, kana da hujjar mayarwa.

VA, ita ma nau'in LCD ce, ta fi IPS baƙi mai zurfi, amma a yawancin masu sauƙin kuɗi abu mai duhu yana jan jela idan yana motsi, kuma ta fi saurin ƙyaftawa idan saurin wasa yana hawa da sauka. A nan jiran sharhi yana da amfani sosai, domin tazarar da ke tsakanin VA mai kyau da marar kyau babba ce, kuma ba a ganinta a jikin kwali.

Mini-LED, wato LCD mai ƙananan fitilu masu yawa a baya, ita ce ta fi dogara da manhaja. Ɗaruruwa ko dubban gidajen haske ne a baya, kuma wani lissafi ne ke yanke wanda zai haska da wanda zai mutu a kowane ƙiftawar ido. Idan lissafin bai gyaru ba, sai ka ga kibiyar linzami tana yawo da gajimaren haske a kan baƙin fili, ko allon ya riƙa makara wajen haskawa. Monita biyu masu gida 1,152 kowacce za su iya bambanta kamar dare da rana. Wannan ban ba kowa shawarar saya a makon farko ba.

OLED kuwa tata matsalar daban ce. Ba ta da fitilar baya, don haka ba maganar yoyo, kuma saurin ɗigonta ya wuce na kowace LCD. Abin tsoronta yana gaba, ba ranar buɗe kwali ba: ƙunar allo, wato abin da ya daɗe a wuri ɗaya, kamar sandar ƙasa ta Windows ko taswirar wasa, ya bar tabonsa har abada. Shi ya sa monitocin OLED ke neman a bar su su yi 'yan mintoci suna gyara ɗigonsu bayan kamar awa huɗu na aiki. A nan takardar garanti ta fi komai. Alienware ta fara da shekara uku har da ƙunar allo tun 2022. LG sai a 2023 ta fito fili ta ce garantin shekara biyu na monitar wasanta ya haɗa da ƙuna, kuma a farkon 2024 MSI da Asus suka kai nasu shekara uku. Duba yadda abin ya tafi: alkawarin ya yi ta kyautatuwa ne bayan kayan sun shiga kasuwa kuma gasa ta yi zafi. Tun da gilashin sau da yawa iri ɗaya ne, abin da kake zaɓa tsakanin kamfanoni shi ne manhaja, da yadda ake sanyaya allon, da wanda zai ɗaga waya ranar da tabo ya fito. A kuma tabbatar alkawarin yana aiki a ƙasar da mutum yake, domin sharuɗɗan garanti suna bambanta daga yanki zuwa yanki, kuma kayan da aka sayo daga wata ƙasa ba lallai ne a karɓe su ba.

Damar mayarwa ta fi garanti

Abu biyu ne da ake yawan haɗawa. Garanti tsakaninka da kamfani ne, kuma su ke yanke ko abin da kake kuka da shi ya kai lalacewa. Ko sun yarda, wani lokaci wadda aka gyara za a ba ka, ba sabuwa ba. Damar mayarwa kuwa tsakaninka da mai sayarwa ce, cikin 'yan kwanaki, ba sai ka kawo hujja ba. A Tarayyar Turai doka ta ba mai saye ta intanet kwana 14. A wasu wuraren, abin da mai sayarwa ya rubuta shi ne dokar. Ga aibin sa'a, wannan ce kaɗai kariya ta gaske. Da a ce in zaɓa tsakanin monitar da ta fi kyau a wurin da ba a mayarwa, da wadda ta ɗan gaza ta a wurin da ake mayarwa ba gardama, ta biyun zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Idan kuma ta iso, kwanakin nan ba na ajiya ba ne. A cika allon da baƙi, sannan fari, ja, kore, shuɗi, ɗaya bayan ɗaya, a bi shi da ido kusa-kusa. A OLED da VA a ƙara da toka mai duhu, nan ne layuka da dabbare-dabbare ke fitowa. Gwajin yoyo a yi shi da daddare amma a kan hasken da aka saba aiki da shi, kuma da ido, ba da kyamarar waya ba, domin ita tana kambama abin da ido ba ya gani har ta sa mutum ya tsani monita lafiyayya. A kunna G-Sync ko FreeSync a shiga wasa mai duhu, a lura da lokacin da wasa ke lodi, nan ƙyaftawa ta fi bayyana. A gwada kowace mahaɗa, a bar kwamfuta ta yi barci a tashe ta sau da yawa, a kasa kunne ko akwai ƙarar fanka ko wani siririn fito.

Ga wanda monitarsa ta mutu yau, ba shi da wata shidan jira: ya ɗauki nau'in bara da aka riga aka san halinsa, IPS idan aiki da karatu sun fi yawa, OLED mai garantin ƙuna a rubuce idan wasa da kallo ne. Ga wanda tasa ke aiki kuma wata sabuwa ta shiga ransa, ya sa mata ido har manhajarta ta sabuntu ko da sau ɗaya, kayan su wadatu a kasuwa. Kwalin kuma, da soson da ke ciki da ledojinsa, kar a yar sai kwanakin mayarwa sun cika, domin masu sayarwa da yawa ba sa karɓar monita ba tare da shi ba, kuma mai lanƙwasa mai inci 34 ko 49 ba ta da wani kwalin da za ta shiga lafiya in ba nata ba.